Kogin da ke gudu a cikin teku, da yadda ake auna ko ya fara gajiya

A shekarar 1751 wani Bature mai suna Henry Ellis yana jan jirgin ruwa a tekun Atlantika, jirgin fataucin bayi ne mai zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, wannan kaɗai ya isa ya sosa wa mutum rai, amma a cikin wannan muguwar tafiyar ne aka yi awon da ya buɗe maganar da nake so mu yi. Wani masani ne a Ingila ya ba shi wani guga na musamman mai marfi sama da ƙasa da ma'aunin zafi a ciki, ya ce in ka kai inda rana ke ƙuna ka zura shi can ƙasa ka gani. Ya zura, igiya ta tafi fiye da kilomita ɗaya, da aka jawo sai ga ruwa mai sanyi wajen digiri 12, alhali ruwan sama yana wajen digiri 29. Su mutanen jirgin murna kawai suka yi sun samu abin sanyaya abin sha. Sai bayan shekara 40 da ɗoriya wani masani da ake kira Count Rumford ya yi tambayar da ta dace, wai shin daga ina ruwan sanyi ya zo wurin da ba a taɓa ganin ƙanƙara ba? Ya ce ba makawa daga can yankunan ƙanƙara yake tahowa ta ƙarƙashi, in kuwa wani ruwa na tahowa ta ƙasa to dole akwai wanda ke tafiya ta sama ya cike gurbinsa.

Abin da ya hango ɗin nan shi ne yau masana ke kira AMOC a taƙaice, wato juyawar ruwan Atlantika tsakanin kudu da arewa, sama da ƙasa.

In kana so ka ga asalin abin da idonka ba sai ka je teku ba. Ka samu kofin gilashi ka zuba ruwan ɗumi rabi, sannan ka ɗebo zoɓo mai sanyi daga firij ka narka gishiri cokali guda a ciki, ka tsiyaya shi a hankali ta gefen kofin. Za ka ga jan nan bai tsaya gauraya ba, gangarawa yake yi ya kwanta a gindin kofin, ruwan ɗumin ya tsaya a samansa. Sanyi da gishiri su ke ƙara wa ruwa nauyi, shi ke nan sirrin. To a Atlantika ruwa mai ɗumi yana tafiya arewa ta sama, a kusan mita 1,000 na farko, a hanya rana na ƙafar da shi gishirinsa na ƙara kauri, in ya isa wajen Girinlan da Aisilan da Norwe sai iskar sanyi ta zuƙe masa zafi, ga gishiri ga sanyi, sai ya yi nauyi ya nitse, ya juyo kudu ta can ƙasa a zurfin kilomita 2 zuwa 4, a hankali a hankali. Ruwan da ya nitse yau zai iya yin ɗaruruwan shekaru bai sake ganin rana ba.

Yawan ruwan fa ba na wasa ba ne. Ma'aunin da suke amfani da shi sunansa sverdrup, sunan wani masanin teku ɗan Norwe ne Harald Sverdrup, kuma sverdrup ɗaya shi ne mita-kubik miliyan ɗaya na ruwa a kowace daƙiƙa. Duk kogunan duniya in ka haɗa su, Kwara da Binuwai da Nilu da Kwango da Amazon da sauransu gaba ɗaya, abin da suke zubawa a teku bai fi sverdrup ɗaya da ɗan kai ba. AMOC kuwa wajen 17 take ɗauka. Zafin da take kwasa zuwa arewa ya ninka duk makamashin da 'yan adam ke amfani da shi a duniya fiye da sau 50, shi ya sa yana cikin dalilan da arewa maso yammacin Turai ba ta kai wasu wuraren da ke layi ɗaya da ita a Kanada sanyi ba.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar tun nan, don kafafen labarai suna yawan cakuɗa su. Ruwan nan mai gudu da ke bin gaɓar Amurka wanda ake kira Gulf Stream, akasarinsa iska ce da juyawar duniya ke tura shi, muddin iska na kaɗawa duniya na juyawa ba zai tsaya ba. Abin da ake tsoro shi ne ɓangaren nitsewar nan da komowa ta ƙasa.

Me ɗumamar yanayi ke yi wa wannan tsarin? Abu biyu, kuma duk rage wa ruwan arewa nauyi suke yi. Na ɗaya ruwan baya yin sanyi kamar da, teku ce ai ke shanye kusan kashi 90 cikin 100 na rarar zafin da hayaƙinmu ke tarewa. Na biyu ruwan daɗi na ƙaruwa a can, ƙanƙarar Girinlan tana zubewa wajen tan biliyan 270 a shekara, ga ƙarin ruwan sama da na kogunan arewa, duk suna tsinka gishirin. Kamar a gwajin kofin nan ne ka manta ba ka sa gishiri ba kuma zoɓon ya huce, ba zai gangara ba. Abin da ya fi tayar da hankali kuma wani masani Henry Stommel ya nuna shi tun 1961, in gudun ya ragu to gishirin da yake kaiwa arewa ma ya ragu, in gishirin ya ragu nitsewa ta ƙara raguwa, abu na ciyar da kansa kenan, har a kai wata gaɓa da tsarin zai zame ya koma wani hali daban kuma dawowarsa ta yi wuya. Kuma ba hasashe ne kawai ba, alamun da ke cikin ƙanƙara da laka sun nuna an taɓa yin irin haka, misali wajen shekara 12,900 da suka wuce lokacin da sanyi ya dawo wa arewacin duniya bagatatan.

Wani zai ce to mu da muke Kano ko Damagaram ko Maraɗi, kilomita ɗaruruwa daga bakin teku, ina ruwanmu? Ruwanmu ne fa a zahiri, na sama. Daminarmu iska ce mai laima da ke tasowa daga Atlantika ta kudu maso yamma, tana turo iskar hunturu baya har hadari ya samu wurin haɗuwa, kuma wannan layin ruwan saman da ya zagaye duniya yana karkata ne zuwa ɓangaren da ya fi ɗumi. Da yake AMOC na tsallakar da zafi daga kudu zuwa arewa, tana cikin abubuwan da ke jawo layin ya hauro mana. In arewacin Atlantika ya yi sanyi idan aka gwada da kudu sai layin ya noƙe ya tsaya can ƙasa, mu da muke bakin gaɓarsa mu ne farkon waɗanda za su rasa. Lakar da aka haƙo daga ƙarƙashin teku a gaɓar Senegal ta nuna cewa a lokutan da wannan juyawar ta yi rauni sosai a can dubban shekarun baya, yankin Sahel ya sha fari mai tsawon gaske. Ko farin da iyayenmu ke ba mu labari na 1973 da 1984, lokacin da dabbobi suka ƙare aka bar garuruwa, Tafkin Chadi da yake wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke ya koma kusan 2,000, bincike ya alaƙanta shi da sanyin arewacin Atlantika idan aka gwada da sauran tekuna. Masana sun rabu a kan abin da ya kawo wannan sanyin, wasu sun fi ɗora shi a kan hayaƙin masana'antun Turai da Amurka da ya tare hasken rana, wasu a kan canjin gudun ruwan kansa, amma cewa zafin Atlantika na taɓa gero da dawar Sahel, wannan an daɗe da yarda da shi.

Shi ya sa tambayar ko AMOC ta fara rauni ta dame ni. Amsarta kuma tana wajen awo, shi kuwa awon nan yana da wuya fiye da yadda mutum zai zata.

A 2005 Harry Bryden da abokan aikinsa a Southampton ta Ingila suka fitar da wani bincike da ya girgiza mutane, suka ce gudun ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. A kan me suka dogara? A kan tafiya biyar da jiragen bincike suka yi suna ratsa tekun suna awo, a 1957 da 1981 da 1992 da 1998 da 2004. Ba laifinsu ba ne, abin da ake da shi kenan a lokacin. Amma ka yi tunanin mutumin da ya je kasuwar Dawanau sau biyar kacal a cikin shekara 47, zuwan farko da kaka lokacin da sabon hatsi ya cika kasuwa, zuwan ƙarshe a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sannan ya ce zai gaya maka yadda farashin gero ya canza a tsawon rayuwarsa. Ko gaskiya ya faɗa ba ka da hanyar rabe canjin shekaru da canjin watanni.

Ana cikin haka kuwa tun 2004 an riga an kafa abin da zai warware wannan, shirin da ake kira RAPID, haɗin gwiwar Birtaniya da Amurka, a kan layin digiri 26.5 arewa, daga Filorida da tsibiran Bahamas har zuwa gaɓar Maroko wajen tsibiran Kanari. Yadda aka yi shi yana burge ni ƙwarai. Ana jefa wani nauyi ƙasan teku, sau da yawa ma tsofaffin ƙafafun jirgin ƙasa ne, a ɗaura masa doguwar waya mai tsawon kilomitoci, a jera mata ƙwallayen gilashi masu iska a ciki don su miƙar da ita tsaye a cikin ruwa, sannan a jikin wayar a ɗaɗɗaura ƙananan na'urori hawa-hawa, kowace tana rubuta zafi da gishiri da matsin ruwa dare da rana a cikin duhu. Da aka kafa shirin an sa irin waɗannan wayoyin a yamma, an sa a gefe biyu na dutsen da ya ratsa tsakiyar tekun ta ƙarƙashi, an sa a gabas wajen Afirka. Ba gudun ruwan suke kamawa kai tsaye a duk faɗin tekun ba, wannan ba zai yiwu ba, nauyin ruwan gefen yamma da na gefen gabas suke gwadawa a kowane zurfi, daga bambancin nan lissafi ke fitar da yawan abin da ke wucewa a tsakani. Bayan kamar shekara ɗaya da rabi jirgi zai zo ya tsaya a wurin, ya aika wata ƙara ƙasa, wani makulli da ke gindin wayar ya ji ƙarar ya buɗe, wayar ta taso sama da ƙwallayenta, a jawo ta a kwashe bayanai a canza batir a mayar da wata. In makullin ya ƙi buɗewa ko waya ta tsinke, aikin watanni ya tafi.

Sai a haɗa wannan da lissafin abin da iska ke turawa a sama, da kuma awon mashigin Filorida, wanda shi ma dabara ce ta ban mamaki. Akwai tsohuwar wayar tarho kwance a ƙasan ruwa tsakanin Filorida da tsibirin Grand Bahama. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, in yana gudu ta cikin maganaɗisun duniya sai ya haifar da ɗan ƙarfin lantarki, wayar nan ta kama shi, iya gudun ruwa iya ƙarfin. A 1982 aka fara wannan awon na waya, ruwan da ke ratsa mashigin kuma wajen sverdrup 32 ne.

Shekarar farko kaɗai ta RAPID ta isa ta canza tunanin kowa. A cikin wata 12 gudun ya yi ƙasa har wajen sverdrup 4, ya yi sama har wajen 35. Wato duk lambobin tafiyoyin nan biyar suna iya shigewa cikin hawa da saukar shekara guda. Daga baya aka gano ma akwai lokacin shekara da AMOC take ƙarfi da lokacin da take rauni, kamar dai damina da rani. Sai kuma 2009 zuwa 2010 gudun ya faɗi da kusan kashi 30 cikin 100 na tsawon fiye da shekara, ba wanda ya hango zuwansa, kuma a daidai lokacin ruwan teku ya hau da kusan santimita 13 a gaɓar Amurka arewa da birnin New York. Bayan nan ta farfaɗo, ko da yake ba ta koma ƙarfin shekarun farkon awon ba.

Ba RAPID kaɗai ke wannan gadin ba. Akwai Argo, wasu na'urori kusan 4,000 masu kama da doguwar tukunyar gas da aka watsa a duk tekunan duniya tun wajen 2000. Kowace tana nitsewa mita 1,000 ta bi ruwa kwana tara ko goma, ta ƙara gangarawa mita 2,000, sannan ta taso a hankali tana auna zafi da gishiri, in ta fito sai ta aika wa tauraron ɗan adam ta sake komawa, haka har batirinta ya ƙare bayan wasu shekaru. Bayanan kuma kyauta ne, ɗalibi a Zariya ko Yamai mai intanet zai iya saukewa. Akwai taurarin ɗan adam masu auna tudun ruwan teku tun daga TOPEX/Poseidon a 1992, don teku ba shimfiɗe take ɗaya ba, tana da tudu da kwari, daga karkatar nan ake gane gudun ruwan sama. A 2014 kuma aka kafa wani layin wayoyin a can arewa, OSNAP, daga Labrador ta Kanada zuwa Girinlan zuwa Sikotlan, sakamakonsa na farko a 2019 ƙarƙashin jagorancin Susan Lozier ya nuna mafi yawan juyawar a gabashin Girinlan take faruwa ba a tekun Labrador ba kamar yadda aka daɗe ana ɗauka bisa lissafin kwamfuta. Ka ga nan awo ya gyara wa kwamfuta zama.

Su ma masu awon suna gyara kansu, wannan kuma a wurina alamar lafiya ce. A 2024 Denis Volkov da abokan aikinsa suka nuna cewa lissafin wayar Filorida bai yi la'akari da yadda maganaɗisun duniya ke canzawa a hankali ba tun wajen 2000, da aka gyara sai ya zama ruwan mashigin kusan yana nan yadda yake shekara 40, kuma raguwar da ake gani a lambobin RAPID ita ma ta ragu.

To ina labaran da ake yaɗawa cewa AMOC ta kusa tsayawa suke fitowa? Tunda awon kai tsaye bai wuce shekara 20 da 'yan kai ba, masu son hango baya sai su nemi sawu. Babban sawun shi ne wani yanki a kudu da Girinlan wanda, duk duniya na ɗumama, shi sanyi ya yi a cikin ƙarnin da ya wuce, kamar wanda aka rage wa isowar ruwan ɗumi. Da wannan sawun wani bincike na 2018 ya ƙiyasta raunin kusan kashi 15 cikin 100 tun tsakiyar ƙarni na 20. Da irinsa kuma wasu 'yan uwa biyu a Kopenhagen, Peter da Susanne Ditlevsen, suka yi lissafi a 2023 suka ce rushewar na iya zuwa tsakanin 2025 da 2095, abin da ya cika jaridu, masana da yawa kuma suka ce sawun bai kai ƙarfin da za a ɗora masa shekara ba don iska da hayaƙi ma na iya sanyaya wurin. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, a rahotonsa na 2021 cewa ya yi akwai yiwuwa mai ƙarfi sosai AMOC za ta yi rauni a wannan ƙarnin, amma batun cewa ba za ta rushe farat ɗaya kafin 2100 ba, matsakaicin tabbaci kawai ya bayar. A Oktoban 2024 masana 44 suka rubuta wa ministocin ƙasashen arewacin Turai buɗaɗɗiyar wasiƙa cewa an raina haɗarin.

Ni dai ga inda na tsaya. Wanda ya ce maka ga shekarar da za ta tsaya ya wuce abin da awo ya ba shi. Amma wanda ya ce tunda wayoyin ba su nuna babban faɗuwa ba to a kwantar da hankali, shi ma ya yi gaggawa, don abin da ke hawa da sauka haka a wata-wata sai an yi shekaru da dama ana kallonsa ba yankewa kafin a iya cewa ga inda ya dosa, kuma matsakaicin tabbaci a kan abin da zai iya taɓa abincin miliyoyin mutane ba abin da zai sa na yi barci ba ne. Ba sai ta tsaya cak ba ma kafin mu ji a jikinmu, manomin da ke jiran ruwan shuka a watan Yuni, in layin ruwan ya noƙe da ɗan kaɗan ko damina ta ɗauke sati biyu da wuri gero yana cikin fidda kai, shi a wurinsa an gama.

Abin da ke ci min rai shi ne kusan duk maganar ana yinta ne kamar matsalar sanyin Turai ce kawai, idon awon ma ya fi yawa a arewa. Akwai wani layin awo da ake kira SAMBA a digiri 34.5 kudu tsakanin Afirka ta Kudu da Kudancin Amurka, akwai kuma PIRATA, wasu na'urori masu iyo a saman ruwa ɗaure da ƙasan teku waɗanda Burazil da Faransa da Amurka suka kafa tun 1997 a tsakiyar Atlantika, wasunsu a mashigin Gini ɗin nan namu inda iskar damina ke ɗebo laima, kuma bayanansu na shiga lissafin hasashen damina. Su ma suna shan wahala, kifi na taruwa a ƙarƙashinsu, jiragen kamun kifi su biyo, a lalata ko a kwance musu kaya. Ga kuma batun kuɗi, yawancin waɗannan shirye-shiryen da tallafin bincike na 'yan shekaru suke tafiya ana sabuntawa, kusan rabin na'urorin Argo Amurka ce ke ɗaukar nauyinsu, a 2025 kuma an rage ma'aikata a hukumarta ta teku da yanayi. Shekarar da ba a auna ba ba a komawa a auno ta, gibin ya zauna kenan a cikin lissafi har abada.

Jami'o'inmu da hukumomin hasashen yanayinmu a Najeriya da Nijar da Chadi suna da haƙƙin zama a teburin nan, ko da ba mu da jirgin bincike, bayanan a buɗe suke, kuma tambayar yadda raunin AMOC zai taɓa ranar faɗuwar ruwan farko a Katsina ko Tawa, in ba namu ne suka ɗauke ta da zafi ba wasu ba za su sa ta a gaba ba. Yanzu haka wayoyin nan suna can tsaye a cikin duhu tsakanin Bahamas da Maroko suna rubutu, abin da suka rubuta a wannan daminar kuma mafi yawansa ba za mu karanta shi ba sai jirgi ya je ya kwanto su.